Kukan gilashin gaba a Porsche 993: yadda ake gano shi da yadda ake kashe shi

Duk wanda ya daɗe da Porsche 911 ƙirar 993 ya san kukan nan. Kana fitowa daga get, tayar gaba ɗaya ta sauka kan kwalta ɗayar tana sama, sai ka ji ƙiƙir-ƙiƙir daga gefen gilashin gaba. A kan titi mai kyau shiru kake ji, amma da ka shiga gargada ko ka hau tudun rage gudu a karkace, kukan ya dawo. Wata motar da sanyin safiya take yi, wata kuma sai rana ta gasa ta. Da yake injin wannan mota a baya yake, gabanta ba shi da hayaniyar da za ta rufe ƙarar, don haka kai tsaye take shiga kunnen direba.

An ƙera 993 daga ƙarshen 1993 zuwa 1998 a masana'antar Porsche da ke Zuffenhausen a birnin Stuttgart na Jamus, kuma ita ce 911 ta ƙarshe da iska ke sanyaya injinta maimakon ruwa. Ko mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Na ɗauke ta misali ne saboda ta yi ƙaurin suna a kan wannan matsala, har ya zama gefen gilashi na daga cikin wuraren da mai saye ke fara dubawa. Amma yawancin abin da ke nan ya shafi kowace tsohuwar motar gudu da aka liƙa gilashinta da gam, ko BMW Z3 ce, ko Mercedes SLK, ko Toyota Celica. Yadda robar gefe take zama ne kawai ya bambanta.

Abin da ke kukan

Tsofaffin 911 na shekarun 1970 da 1980, gilashinsu a cikin roba mai kauri yake zaune. Robar ce ke riƙe shi a jikin mota, ita ce kuma ke shanye duk wani motsi. A 993 kuwa liƙa gilashin ake yi da baƙin gam mai ƙarfi da ake kira foliyuretan. A kewayen gilashin akwai siririn firam na filastik mai tsaga, robar waje tana shiga cikin tsagar, leɓenta ya kwanta a kan fenti. Ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa aikin gaba ɗaya ya tsaya: robar wajen nan ba ita ke riƙe gilashin ba, ba kuma ita ke hana ruwa shiga cikin mota ba. Gam ne ke yin aikin biyu. Ita dai rufe ratar da ke tsakanin gilashi da ƙarfe take yi. Shi ya sa za a iya cire ta a mayar ba tare da an taɓa gilashin ba.

Duk jikin mota yana ɗan murɗewa in tayoyi suka taka ƙasa marar daidai, mai buɗaɗɗen rufi kuma ta fi mai rufin ƙarfe murɗewa. Gilashi ba ya bin ƙarfe a wannan murɗiya. Motsin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya sa leɓen busasshiyar roba ya kama fenti, ya saki, ya sake kamawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kamar yadda yatsa ke kuka in ka ja shi a kan wankakken faranti. Faɗin gilashin sai ya ɗauki ƙarar ya watsa ta cikin mota, ka rasa ta ina take fitowa.

Dalilan sukan zo hawa uku. Mafi sauƙi shi ne roba ta bushe, ƙura ta cika ƙarƙashinta. Na biyu, an taɓa canza gilashin ba a zaunar da shi a tsakiya ba, firam ɗin filastik yana gugar ƙarfe a gefe ɗaya. Na uku, wanda ya fi su muni, gam ya saki a wani wuri, yawanci saboda tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Daga kujerar direba duk ukun sauti ɗaya suke yi. Maganinsu kuwa ya tashi daga aikin rabin yini a ƙofar gida zuwa na mai walda da mai fenti. Don haka kada ka sayi komai tukuna.

Fara da gano wurin

Wannan ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi cancanta a ba shi lokaci.

Da farko ka nemi inda motar za ta yi kukan duk lokacin da ka so. Bakin get mai gangare ya isa, ko gefen titi mai ɗan tudu. Ka hau shi a karkace, a hankali, taya ɗaya kafin ɗaya. Kashe rediyo da fanka, kwashe tarkacen da ke cikin akwatin dashbod da aljihun ƙofa. Ka maimaita har ka tabbata cewa in ka bi ta nan kukan zai fito. In ba ka da irin wannan wurin gwaji, ba za ka taɓa sanin ko gyaranka ya yi aiki ba.

Sai ka ɗauki mutum na biyu ya zauna a kujerar gefe da guntun tiyo mai tsawon kamu biyu, baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana bin gefen gilashi daga ciki: ƙasa inda ya haɗu da dashbod, ginshiƙan gefe biyu, sannan sama. Tiyo yana ware sautin wuri ɗaya daga na sauran, kuma in aka zo kan ainihin wurin za a ji bambancin ƙarara. Yana yi yana danna abubuwa da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya: saman dashbod, madubin tsakiya, murfin ginshiƙi, makarin rana. In ya danna wani abu kukan ya ɗauke, to ba ruwan gilashi, ɗan ƙyallen auduga ko siririn soso da za a cusa tsakanin abubuwan biyu ya gama magana. Kada a manta da gilashin baya. A 993 shi ma irin wannan tsari gare shi, yana kuka, kuma a cikin ƙaramar mota kunne yakan ɗauki ƙarar baya a matsayin ta gaba. Haka robar ƙofa da ta tagar rufi.

In duk waɗannan sun fita, sai gwajin ruwa. Ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan a cikin gorar ruwa, ka ɗaga leɓen robar waje da farce, ka tsiyaya ruwan a ƙarƙashinsa a ɓangare ɗaya kawai, misali gefen direba daga sama zuwa ƙasa. Je ka wurin gwaji. In ba abin da ya canza, ka jiƙa ɓangare na gaba, ka sake zuwa. Inda ka jiƙa kukan ya mutu, nan ne roba ke gugar fenti. Wanda ya lura cewa motarsa na yin shiru in ana ruwan sama ko bayan an wanke ta, ya riga ya samu rabin amsar. Kada ka jiƙa kewayen gaba ɗaya a lokaci guda. Kukan zai tafi, amma ba ka koyi komai ba.

In ruwa bai canza komai ba, sai a gwada gam ɗin. Ka zauna a ciki, ka buɗe tafin hannunka a kan gilashi kusa da kusurwa, ka tura waje a hankali, abokin aikinka yana tsaye a waje da yatsa a kan gefen. Gilashin da gam ya riƙe da kyau ba ya motsi ko kaɗan. In ya ji ya ɗaga, ko kuka ji ƙas, gam ya saki a nan. Tura da tafi za ka yi, ban da duka, ban da ɗan yatsa ɗaya, domin tsohon gilashi mai tabon tsakuwa a gefe yana iya tsagewa. Akwai wata hanya kuma: a shafa kumfar sabulu a gefen gilashin daga waje, a rufe ƙofofi da tagogi, a kunna fanka a kan mafi ƙarfi tana jawo iskar waje. Inda kumfa ta riƙa tasowa, iska na fita ta nan, ruwa ma ta nan zai shiga. Ɗanshi a kafet ko tabon ruwa a kusurwar dashbod shaida ce ta irin wannan. Wanda ya samu haka ya tsallake zuwa sashen ƙarshe, shafe-shafe ba zai amfane shi ba.

Kayan da za ka tanada, da waɗanda ba a kusantowa da su

Sabulu mai laushi, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu tsabta, sifirit irin na asibiti, tocila, tsohon katin banki ko abin ɓamɓare na filastik, tef ɗin takarda irin na masu fenti, almakashi, da man shafa wa roba. In aikin ya kai ga cire roba, za ka buƙaci sabuwa da kuma tef mai santsi wanda za a yi bayaninsa a gaba.

Batun man shafawa nake so in tsaya a kai, saboda a nan ake yin gyaran gangar Abzinawa. Robar gefen gilashi yawanci irin wadda ake kira EPDM ce. Tana jure rana da ruwa, amma ba ta shiri da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai. Baƙin mai, giris na yau da kullum, kananzir, basilin, da feshin kwance noti irin su WD-40, duk suna sa ta kumbura, ta yi laushi, ta rasa siffarta. Ranar farko za ka ji shiru ka yi murna, bayan 'yan makonni robar ta yi lanƙwasa-lanƙwasa, ƙura ta manne a kan maiƙon, kukan ya dawo fiye da da. Abin da ya dace shi ne man da aka yi don roba. Mafi inganci a ganina shi ne Krytox, wanda kamfanin DuPont ya fara yi, yanzu kuma Chemours ke yin sa. Yana da tsada, amma ɗigo kaɗan ake sawa, ba ya ƙafewa, ba ya cin roba ko fenti. Akwai kuma man roba na Jamus mai suna Gummi Pflege, mai soso a bakinsa, ya fi arha amma sai an riƙa maimaitawa. Giliserin na kemis ma yana yi na ɗan lokaci, sai dai ruwa na wanke shi.

Giris na silikon ba ya cutar da roba, amma yana da nasa sharri. Duk inda silikon ya taɓa, fenti ba ya kamawa da kyau, gam ɗin gilashi ma haka. In akwai alamar cewa nan gaba za a yi fenti a wurin ko a cire gilashin, kada ka shafa silikon. Shi kuwa silikon na tub da ake toshe bahon wanka da shi, kada ya kusanci motar. Irin mai warin tsami yana fitar da asid yayin bushewa, asid kuma abokin tsatsa ne, sannan cire shi daga baya wahala ce babba.

Gyaran farko: wanki da shafawa

Ka ajiye motar a inuwa, jikinta ya huce. Ɗaga leɓen robar da katin filastik, ka haska tocila. A mota mai shekaru za ka tarar da busasshen taɓo ya yi layi a ƙarƙashin leɓen, da ƙananan tsakuwoyi da guntayen ganye a kusurwoyin ƙasa. Wanda ke zaune inda ake hunturu mai ƙura, ya san cewa lokaci ɗaya na buji ya isa ya cika wannan wuri, zafin bazara kuma ya ƙarasa busar da robar. Ka wanke da buroshi da ruwan sabulu, ɗan yanki bayan ɗan yanki, ka ɗauraye sosai. Naɗe tsumma a kan katin, ka zura shi ƙarƙashin leɓen, ka bi kewayen har tsumman ya riƙa fitowa fari. Sai ka bar shi ya bushe ƙarau. In kana da iskar fanfo irin ta masu faci, ka hure kusurwoyin.

Goge fentin da ke ƙarƙashin leɓen da sifirit. Sannan ka ɗiga man a kan ɗan tsumma, ka shafa a bayan leɓen robar, wato fuskar da ke kwanciya kan fenti. Kaɗan ake sawa, daidai yadda robar za ta yi ɗan sheƙi. Duk abin da ya fito waje ka goge, musamman a kan gilashi, don waifa za ta ja shi ta ɓata maka gani da dare.

Koma wurin gwaji. Motoci da yawa a nan suke yin shiru. In taka ta yi shiru, ka mayar da wankin ƙarƙashin leɓen al'ada, sau biyu a shekara ya wadatar. In kukan ya dawo cikin 'yan kwanaki, robar ta ƙare ko kuma gugar ta fi ƙarfin mai.

Gyara na biyu: cire roba da shimfiɗa tef

Kafin ka taɓa tsohuwar robar, ka tabbata sabuwa na hannunka. Tsohuwa in ta fita da wuya ta koma daidai, tana iya tsinkewa ko ta miƙe. A wannan motar ina ba da shawarar a sayi ta asali mai lambar Porsche. Roba mai arha wadda kaurinta ya kauce ko da kaɗan ba ta zama cikin tsagar, sai ka ga kusurwa tana ɗagawa in ka taka gudu.

Ɗaga hannuwan waifa, ko ka cire su bayan ka yi wa mazauninsu alama da tef ɗin takarda. Manna tef ɗin takarda a kan fenti a kewayen robar, ya bi bakin leɓenta daidai. Amfaninsa biyu ne: yana kare fenti, kuma bayan ka cire robar zai nuna maka iyakar inda leɓen yake kwanciya. Ɗauki hoton kowace kusurwa da waya.

Fara daga kusurwar ƙasa. Zura katin filastik, ka ɗago robar har ka samu abin kamawa da yatsu, sannan ka riƙa janye ta a hankali, kamu ɗaya bayan ɗaya, hannunka na kusa da inda take fita. Sukudireba ba ta da aiki a nan ko kaɗan. Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗe da siririyar leda a tsakiya, kuma bakinsa ne wuri mafi rauni; ƙarfe ya ɗan taɓa shi sai tsaga ta kama hanya. Firam ɗin filastik shi ma ya tsufa, ya yi gautsi. In ka fizge robar da ƙarfi bakin tsagar zai karye, a jikin gilashin kuma yake, ba a canza shi shi kaɗai cikin sauƙi.

Da robar ta fita za ka ga kwarin da ke tsakanin gilashi da jikin mota. Wanke shi kamar yadda aka yi a baya, ka busar, sannan ka ɗauki tocila ka yi kallon tsanaki. Abu uku kake nema.

Na ɗaya, sawun guga. Inda leɓen roba ya daɗe yana gugar fenti za ka ga siririn layi da ya dushe ko ya yi ƙyalli fiye da kewayensa, wani lokaci har fentin ƙasa ya bayyana.

Na biyu, faɗin ratar. Zura katin ka zagaya da shi tsakanin firam da ƙarfe. Ya kamata ya wuce ko'ina ba tare da ya maƙale ba, ratar hagu da ta dama kuma su yi kusan daidai. In ka zo wani wuri katin ya ƙi wucewa, ka ga farin gari na filastik ko fenti ya goge a daidai nan, gilashin ya karkata, firam na taɓa ƙarfe. In taɓawar 'yar kaɗan ce, tef mai santsi da aka zura tsakaninsu yakan kashe ƙarar. In ya matse sosai, sai an sake zaunar da gilashin. Kada ka yi ƙoƙarin tura shi gefe da wani abu, gam ba zai bari ba, gilashin ne zai fashe.

Na uku, tsatsa, wadda za mu zo kanta.

Tef ɗin da ake nufi shi ne na Teflon mai gam a baya, ko irinsa na filastik mai santsi da ake kira UHMW, siriri, mai faɗin santimita ɗaya zuwa biyu. Ba farin zaren da masu gyaran famfo ke naɗawa a bakin bututu ba ne, wannan ba shi da gam. Ba salatif ba ne kuma, ba baƙin tef na masu wayarin ba, waɗannan rana na narkar da gam ɗinsu su zama danƙo. Goge fentin da sifirit sau biyu, ka bari ya ƙafe. Manna tef ɗin a kan fenti, daidai inda leɓen ke kwanciya, bakinsa na waje ya tsaya milimita ɗaya ko biyu kafin layin tef ɗin takarda, yadda in roba ta koma za ta rufe shi ruf. Sauran faɗin ya gangara cikin kwarin. A miƙaƙƙun wurare ka ja shi a tsaye ba tare da ka miƙar da shi ba, domin tef ɗin da aka ja da ƙarfi yakan tattare daga baya. A kusurwa ka yanka gajeru, kowane ya ɗan hau kan na kusa da shi, na sama a kan na ƙasa don ruwa ya bi ta kai ya wuce. Bi da farce ko katin ka danne ko'ina, kada a bar iska a ciki.

Wasu suna cusa siririyar igiyar soso a cikin kwarin don ta tallafi firam ta hana shi motsi. Yana aiki, amma da sharaɗi ɗaya: sosan ya zama irin wanda ba ya shan ruwa. Jiƙa guntunsa ka matse, in ruwa ya fito, jefar da shi. Igiyar auduga ko soson katifa a wannan kwari ajiyar ɗanshi ce a kan ƙarfe, kuma ni na fi son motar da ke kuka a kan wadda ke ruɓewa a ɓoye.

Shanya sabuwar robar a rana na ɗan lokaci ko ka tsoma ta a ruwan ɗumi don ta yi laushi. Nemo tsakiyarta na sama da na ƙasa, ka fara zaunar da su, sannan kusurwoyi huɗu, sannan ka cike tsakani da babban yatsa. In ka fara daga gefe ɗaya ka zagaya, za ka ƙare da ragowar roba a hannu ba inda za ka sa ta. Ruwan sabulu kaɗan yana taimaka mata shiga. Kada ka ja ta a tsaye, robar da aka miƙar za ta koma girmanta ta bar kusurwa a buɗe. Bayan ta zauna, cire tef ɗin takarda, ka bi leɓen da yatsa ka tabbata bai naɗe ciki ba, ka shafa man roba kaɗan a bayansa, ka mayar da waifa.

In ka tarar da tsatsa

Tun tsakiyar shekarun 1970 Porsche ke lulluɓe ƙarfen jikin 911 da zinki, kuma hakan ya sa ba sa ruɓewa da wuri. Amma kusurwoyin ƙasa na gilashin 993 wuri ne da ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin roba. In aka taɓa canza gilashi, wuƙar mai aikin ta karce fenti da zinkin har ƙarfe, ba a kuma shafa komai a kan karcen ba, daga nan take farawa. Alamarta daga waje ita ce fenti ya yi ƙuraje a bakin robar.

In ja-ja ce kawai a sama, ƙarfen na da ƙarfi in ka danna, kuma ba ta shiga ƙarƙashin gam ba, za ka iya da kanka. Rufe bakin gilashi da tef ninki biyu, kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, shafa maganin kashe tsatsa bisa umarnin da ke jikin kwalbar, sannan fentin ƙasa mai kyau, sannan fentin launin motar da ƙaramin buroshi. Ka ba fentin kwanaki ya bushe sosai kafin ka manna tef a kansa.

In ta yi ɓawo, ko ta huda, ko ta bi ta ƙarƙashin gam, abin da kake gani kaɗan ne daga abin da ke ciki. Sai an cire gilashi, an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, an yi walda da sabo. Kada ka yarda a cike bakin da gam zai kwanta da foti. Gam zai kama fotin, fotin kuma ba zai riƙe gilashi ba ranar da aka yi karo. A motocin da aka liƙa wa gilashi, shi ma yana cikin abin da ke ƙarfafa jikin mota, kuma a da yawansu jakar iska ta fasinja a kansa take dogara in ta buɗe.

In dole sai an cire gilashin

Wannan ba aikin gida ba ne, amma ya kamata mai mota ya san abin da zai nema, ya kuma tsaya a wurin ranar aikin. Tun kafin a fara ka san inda za ka samu wani gilashin, saboda tsoho yakan fashe wajen cirewa ko da a hannun gwani. Na 993 yana da eriyar rediyo a cikinsa, don haka a cire wayarta kafin a yanka, a kuma tabbata sabon yana da ita.

Ka nemi a yanke gam da igiya ko waya ta musamman, a rufe fenti da dashbod. In ƙarfen lafiya yake, ba a kankare tsohon gam har ƙasa, ana barin shimfiɗarsa mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, sabon gam ya fi kama ta. Duk karcen da ya kai ƙarfe a shafa masa baƙin fentin ƙasa na masu gilashi. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin tub ɗin gam.

Matakin da ke raba aiki mai kyau da wanda zai dawo da kuka shi ne gwajin busasshe. Kafin a matsa gam, a ɗora gilashin a wurinsa, a daidaita ratar hagu da dama, sama da ƙasa, a duba tsayinsa da na jikin mota ta hanyar gwada robar waje. In ya nutse da yawa leɓen zai matse fenti, in ya taso da yawa leɓen ba zai kwanta ba. Da an samu daidai, a manna tef ɗin takarda daga gilashi zuwa jiki a wurare huɗu, a yanka shi a tsakiya, ya zama alamar da za a bi. Mutum biyu ne za su ɗora shi a kan gam, sau ɗaya, ba tare da an ja shi gefe ba. Tun da gilashin na waje, wannan ne lokaci mafi sauƙi na shimfiɗa tef mai santsi a inda leɓen roba zai kwanta, amma kada ya kai inda gam zai taɓa.

Lokacin da za a jira kafin a tuƙa ya danganta da irin gam ɗin da yanayin zafi da ɗanshi, kuma yana rubuce a takardarsa. Wani awa ɗaya ne, wani yini guda. Foliyuretan da ɗanshin iska yake bushewa, don haka a lokacin hunturu ka ƙara masa lokaci a kan abin da aka rubuta. A kwana biyun farko ka bar taga ɗaya a ɗan buɗe don kada iskar rufe ƙofa ta tura gilashin, kada ka buga ƙofa, kada a ɗaga motar da jak ta gefe ɗaya, kada a wanke ta da injin feshi. Gangaren da ka yi gwaji a kansa ma ka ƙaurace masa sai a rana ta uku, sannan ka hau shi a karkace kamar yadda ka yi tun farko, ka kuma zuba ruwa da tiyo a kewayen gilashin wani yana ciki da tocila yana duba kusurwoyi.